Wa ake tara wa burodin tsibirin Cheung Chau?

Wani Alhaji mai saro kayan waya daga Guangzhou ya aiko da tambaya: "Na ga bidiyo a Facebook, wasu mutane a Hong Kong suna hawa wata doguwar hasumiya da aka lulluɓe da farin burodi, suna tsinka suna cusawa a buhu da tsakar dare. Wai wasa ne ko addini? Kuma in tafiyata ta dace da lokacin, ya kai a je kallo?"

Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Sai dai jelar bikin ka gani, kan yana can wani wuri da masu ɗaukar bidiyo ba su cika zuwa ba. Burodin da ka ga suna tsinka ma na roba ne, ko akuya ba za ta kula shi ba. Na yi shekaru ina aikin tafinta tsakanin Guangzhou da Hong Kong, sau uku ina halartar wannan biki, kuma sai a zuwa na biyu na gane cewa a na farko kallon kitse na yi wa rogo.

Wurin sunansa Cheung Chau, ma'anarsa "dogon tsibiri". Yana kudu maso yamma da babban tsibirin Hong Kong, tafiyar kusan kilomita 10 a ruwa. Ɗan mitsitsi ne, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita biyu da rabi ba, mazaunansa kuma wajen 20,000. Tudu ne a arewa, tudu a kudu, sai wani siririn rairayi da ya haɗa su a tsakiya, a nan garin yake. Babu motocin haya, babu na gida. Keke ake hawa, sai wasu 'yan ƙananan motocin ɗaukar kaya, da motar asibiti da ta kashe gobara waɗanda aka ƙera daidai lungunan garin. Asalinsa garin masunta ne, har gobe in ka sauka daga jirgi warin busasshen kifi ne zai fara yi maka maraba.

A Turance ne ake kiransa bikin burodi. Mutanen tsibirin ba haka suke kiransa ba. Su Tai Ping Ching Chiu suke cewa: tai ping zaman lafiya, ching tsarki, chiu kuma hidimar sadaka da roƙo a addinin Tao, ɗaya daga tsofaffin addinan Sinawa. Ka ga tun daga sunan an amsa rabin tambayarka. Irin wannan hidima ba su kaɗai ke yin ta ba. Ƙauyukan da ke arewacin Hong Kong suna yi, sai dai wasu duk shekara biyar, wasu duk shekara goma kamar Kam Tin, Sheung Shui kuwa sau ɗaya a shekara 60, wanda ya gani sau biyu ya sha miya. Cheung Chau duk shekara suke yi. A 2011 gwamnatin ƙasar Sin ta sa shi a jerin al'adun gargajiya da ƙasa ke karewa.

Babbar ranar bikin ita ce 8 ga wata na huɗu a kalandar gargajiya ta Sinawa. Da wata suke lissafi kamar mu, amma su sukan cusa ƙarin wata guda, sau bakwai a cikin shekara 19, don kada watanninsu su bar damina da rani a baya. Shi ya sa bikin ba ya zagaya shekara yadda azumi yake yi, kullum yana tsakanin ƙarshen Afrilu da ƙarshen Mayu. A 2023 ya faɗo 26 ga Mayu, a 2024 15 ga Mayu, a 2025 kuma 5 ga Mayu. A da ba a san ranar ba sai an je gaban gunki an jefa wasu 'yan katako guda biyu masu siffar jinjirin wata, yadda suka faɗi shi ne amsa. Daga 2001 aka daina, aka ɗaure shi da ranar haihuwar Buddha domin ranar hutu ce a Hong Kong, baƙi za su samu zuwa. Wannan ƙaramin sauyi ka riƙe shi, domin duk labarin bikin a zamanin nan haka yake tafiya: abin da gunki ke yankewa a da, yanzu jadawalin hutu da jirgin fito ke yankewa.

Tushensa annoba ce, a kan wannan kowa ya yarda. Inda aka rabu shi ne wace annobar. Labarin da aka fi bayarwa a tsibirin shi ne a zamanin daular Qing, daular sarakunan Sin ta ƙarshe, cuta ta shigo tana ɗibar mutane, ga 'yan fashin teku sun hana sakat, sai masunta suka ɗauko gunkin Pak Tai suka zaga da shi lungu-lungu, cutar ta lafa. Haikalinsa da ke tsibirin an gina shi a 1783, kuma har yau a filin gabansa ake komai. Sunan Pak Tai, in ka fassara shi kai tsaye, "Sarkin Arewa" ne, abin da ya ba ni dariya ranar da na fara ji. A wurinsu shi ke da ruwa, shi ya sa masunta suka riƙe shi. Ana sassaƙa shi ba takalmi, ƙafa ɗaya a kan kunkuru, ɗaya a kan maciji. A cikin haikalin akwai wani tsohon takobin ƙarfe da suke cewa masunta ne suka jawo shi a koma. Batun 'yan fashin kuwa ba tatsuniya ba ce: Cheung Po Tsai, wanda ya addabi wannan teku har ya miƙa wuya a 1810, akwai wani kogo a tsibirin da ake kira da sunansa.

Ɗaya labarin yana kai ka 1894, shekarar da annobar ɓeraye ta faɗa wa unguwar Tai Ping Shan a babban tsibirin Hong Kong, ta kashe sama da mutum 2,000. A wannan annobar ce likita Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar. Masu wannan ruwaya suna cewa baƙin da suka zo daga yankin Hoi Luk Fung a gabashin lardin Guangdong na ƙasar Sin su suka fara hidimar a wannan unguwa, da hukumar Turawan Ingila masu mulkin Hong Kong a lokacin ta tsananta dokar kunna wuta a cikin gari sai suka kwashe ta suka koma Cheung Chau inda danginsu suke. Ni na fi karkata ga cewa labaran biyu sun haɗu ne a hanya: haikalin ya riga 1894 da fiye da shekara ɗari, amma salon hidimar da malaman da ke jagorantarta na mutanen Hoi Luk Fung ne.

To, wa ake tara wa burodin? Matattu.

A tsohon imanin Sinawa mamaci yana ci yana sha a inda yake, kuma 'ya'ya da jikoki ne ke ciyar da shi: su ajiye abinci a kabari, su kunna turaren tsinke, su ƙona kuɗin takarda. Wanda ya bar zuriya ya huta. Wanda bai bar kowa ba, ko ya nutse a teku ba a ga gawarsa ba, ko annoba ta share gidansu gaba ɗaya, ko 'yan fashi suka yanka shi suka jefar, wannan ba mai ciyar da shi. Sai ya zama fatalwa mai yunwa, yana yawo, yana jawo cuta da haɗari. Yanzu ka duba tsibirin masunta, inda kowane gida akwai wanda ya fita da kwale-kwale bai dawo ba. Irin waɗannan matattu marasa gata sun fi yawa a nan. Sau ɗaya a shekara sai gari ya haɗa kuɗi ya yi musu walima, a ce ku zo ku ci ku ƙoshi, sannan ku tafi ku bar mu lafiya. Hasumiyoyin gora da ake lulluɓewa da burodin gaske su ne tulin abincin walimar. Wata tsohuwa mai sayar da busasshen jatan lande a bakin tasha ta taƙaita min shi a zuwana na biyu. Na tambaye ta me ya sa ba a taɓa burodin kafin tsakar dare, ta dube ni kamar na tambayi me ya sa ruwa ke jiƙa mutum, ta ce ai baƙi ba su gama ci ba.

Da na fahimci wannan sai sauran abubuwan suka zauna min daram. Misali barin nama. Kwana uku garin yake ƙaurace wa nama da kifi, mahauta su rufe, masu gidajen abinci da yawa su koma ganye da waken suya, saboda ba a zubar da jini a garin da ake tsarkakewa. Har shagon McDonald's na tsibirin yakan sauke nama ya koma sayar da burodi da naman kaza. Kada sunan ya ruɗe ka, wanda ke tsirowa a juji da damina nake nufi, ba tsokar kaza ba. Dokar tana ƙarewa ne da yammacin babbar rana bayan jerin gwano, kuma in ka ga yadda ake rububin gidajen kifi na bakin ruwa a wannan yammaci za ka san ba kowa ne ya yi kwana ukun da son ransa ba. Yanzu dai wasu shagunan da ke harin baƙi ba sa bi sosai, tsofaffi suna ta ƙorafi.

A filin gaban haikali ake kafa manyan rumfuna na gora, ba ƙusa ko ɗaya, ɗauri ne kawai. Waɗanda suka san Hong Kong sun san da gora ake kafa matakalar gini har a benaye masu hawa hamsin, to masu wannan sana'a ne ke ɗaura su. Rumfa ɗaya ta gumaka ce: ana zuwa kowane haikali na tsibirin a ɗauko nasa a kan karaga, Tin Hau mai kula da masu shiga teku, Hung Shing, Kwan Kung, Kwun Yam, a jera su gefen Pak Tai su zama manyan baƙi. Wata rumfar ta wasan kwaikwayon gargajiya ce mai waƙa da kiɗa, dare da rana, kuma a ka'ida gumaka da fatalwa ake yi wa, mutane 'yan rakiya ne. Na taɓa leƙawa da rana tsaka na tarar da 'yan wasa sun sha kwalliya suna ta rera waƙa da iyakar ƙarfinsu, kujeru kuwa ba kowa sai tsofaffi uku, ɗaya ma barci yake. Ba wanda ya damu, tunda waɗanda ake yi dominsu a ganinsu suna nan.

Sai manyan mutum-mutumi uku na takarda da gora, kowanne ya fi tsayin ɗaki: mai ƙasa, mai dutse, da Sarkin Fatalwa, wanda suke kira Tai Si Wong. Shi ne mai ban tsoron, fuska a murtuke, ido waje. Aikinsa tsare tsari, domin in ka gayyato mayunwata dubu walima dole ka sa dogari a ƙofa. A saman kansa akwai ɗan ƙaramin siffar Kwun Yam mai tausayi, wai don ta riƙa taka masa birki kada ya cinye rabon baƙin. Waɗanda suka mutu a ruwa kuma ba a bar su ba, ana shiga jirgi a zaga gaɓar tsibirin ana zuba musu nasu, kuma akwai ranar da ake sakin wani ɗan jirgin takarda a teku ya tafi da sharrin shekara.

Da rana a babbar ranar ake jerin gwanon da ni a wurina ya fi hawan hasumiya kyau nesa ba kusa ba. Sunansa Piu Sik, wato "launuka masu shawagi", al'ada ce da suka koyo daga Guangdong. Yara ne 'yan shekara huɗu zuwa shida, an yi musu kwalliya da tufafin sarakuna da jarumai, suna tafe a sama da kawunan jama'a kamar ba abin da ke riƙe da su. Na samu wuri a wani lungu inda keken ya wuce dab da ni har ina iya taɓa shi. Yaro ne a ƙasa, a zaune, ya miƙa hannu yana riƙe da takobi. A kan tsinin takobin wata yarinya ce a tsaye da ƙafa ɗaya, cikin jar riga mai dogon hannu, tana kaɗa mafici. Na san dabara ce, amma na kai minti guda ina neman ta ban gani ba. Ashe sandar ƙarfe ce aka lanƙwasa, ta taso daga keken ta bi ta cikin hannun rigar yaron, ta ratsa takobin, ta shige rigar yarinyar, can ciki akwai ɗan sirdi da take zaune a kai an ɗaure ta. Maƙeran da ke lanƙwasa wannan ƙarfe su ne gwanayen bikin na gaskiya, kuma kowace unguwa tana ɓoye tata dabarar. A gefe wani mutum yana tafe da doguwar sanda mai baki biyu yana tallafe ta in keken ya yi gargada, wata mata kuma, da alama uwarta ce, tana miƙa mata ruwa a gora mai tsinke. Zafi ya kai digiri 30, ga gumi, kwalliyar fuskarta ta fara narkewa, amma yarinyar nan ba ta fasa ɗaga wa mutane hannu ba.

Ba jaruman da kaɗai ake kwaikwaya ba. Za ka ga an shirya yaro kamar wani babban jami'in gwamnati, an rataya masa allo mai habaici kan tsadar haya ko wata badaƙala ta shekarar, jama'a su fashe da dariya. A nan ne talakan tsibiri ke rama wa kura aniyarta, ko da yake a 'yan shekarun nan zolayar ta yi sanyi ƙwarai, an fi komawa kan 'yan wasa. A cikinsu wadda ba ta tsufa ita ce Lee Lai-shan, 'yar tsibirin, wadda ta ciyo wa Hong Kong zinarenta na farko a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 a tseren allo mai filafilai. Tsakanin kekunan yaran kuma ga masu rawar zaki, ga ganguna da kuge, ga wata busa da in ka rufe ido za ka rantse algaita ce. A ƙarshe masu ɗauke da karagun gumaka sukan zuba a guje zuwa rumfa, kowace tawaga tana son nata ya riga isa.

Shi burodin, in ka ce burodi ka ɗan zalunce shi. Alkubus ne, kusan sak: fulawa da sukari, a turara, ba a gasawa. Fari fat, girman tafin hannu, a ciki an cusa riɗi, ko jan wake mai zaƙi, ko 'ya'yan wani furen ruwa ɗan'uwan bado. A samansa jan hatimi mai haruffa biyu, ping on, wato lafiya. Tsohon shagon da ya yi suna da shi, Kwok Kam Kee, a kwanakin bikin layi yakan zagaye lungu. Na tsaya na kalli mai buga hatimin: faranti na fitowa daga tukunya yana tururi, ya dangwala katako a jan ruwa, tap, tap, tap, ko kallon hannunsa ba ya yi, yana hira da na kusa da shi. Da zafinsa yana da daɗi. In ya kwana biyu kuwa sai ka nemi shayi. Tsofaffi sukan busar da wanda aka sauko da shi daga hasumiya su ajiye, in yaro ya yi zazzaɓi a jiƙa a ba shi.

Da dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ake abin da ya tara mutane tun asali. An jera abinci da shayi da giya a ƙasa, ga turare ga kyandir, malaman Tao cikin jajayen riguna suna karatu suna kaɗa ƙararrawa. Idan suka gama, an sallami baƙi ke nan, sai a ɗauko Sarkin Fatalwa a cinna masa wuta ya raka su. Takarda da gora ne, cikin 'yan mintoci ya zama toka. A zuwana na biyu na bar filin gasa na bi wannan, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne shirun. Mutanen da suka wuni suna ihu suna tsaye ba mai magana, wuta tana haska fuskokinsu.

Daga nan ne burodi ya halatta ga masu rai, kuma a nan hawan hasumiya ya samo asali. A da hasumiya uku ce ta gora, kowacce ta doshi mita 18, an lulluɓe su da burodin gaske. Sha biyun dare na bugawa a buga kuge, samarin gari ɗaruruwa su afka musu, wasu ta waje wasu ta ciki, ba igiya ba komai, kowa yana son na can ƙoli domin a ganinsu wanda ya fi nisa ya fi kawo wa gida sa'a. Cikin mintoci hasumiya ta koma ƙashi. A 1978 ɗaya ta karye da mutane a kanta, da yawa suka ji rauni, gwamnatin Turawa ta hana. Shekara 26 ba a hau ba. Abin lura shi ne bikin bai fasa ba ko sau ɗaya saboda wannan: an ci gaba da kafa hasumiya, ana ciyar da matattu, ana ƙona Sarkin Fatalwa, da safe a sauko da burodi a raba. Da hawan shi ne bikin, da ya mutu tun 1978.

Wanda ka gani a bidiyo an dawo da shi ne a 2005, kuma wani abu ne dabam da aka yi wa tsohon suna. Hasumiya ɗaya ce ta ƙarfe, mita 14, a filin ƙwallon da ke gaban haikali. Hukumar wasanni da al'adu ta gwamnati ke shiryawa tare da kwamitin bikin. Mutum 12 kacal ke hawa, maza da mata, bayan an ba su horo an tace su a zagayen share fage. Kowa da ɗamara da igiya irin ta masu hawa dutse. Minti uku ake bayarwa. Burodi 9,000 ne a jiki, na sama maki tara, na tsakiya uku, na ƙasa ɗaya, shi ya sa ka ga ba mai tsayawa a ƙasa, kowa sama yake nufa kamar biri ya hango gwanda, kuma dole ƙafarka ta taɓa ƙasa kafin lokaci ya cika, in ba haka ba ka yi aikin banza. Daga 2007 aka koma na roba, saboda na gaske yana dagargajewa a ƙarƙashin ƙafa, ya yi santsi, ga asarar abinci. Wanda ya ci na farko a 2005, Kwok Ka-ming, ɗan tsibirin ne ma'aikacin kashe gobara, kuma ya sake ci sau da yawa bayan nan. An tsayar da gasar shekara uku lokacin korona, daga 2020 zuwa 2022, abin da ya zo da ban mamaki ga bikin da annoba ta haifa, aka dawo a 2023.

Ba na cikin masu cewa an lalata abin. Wanda ya ga hoton yadda ake hawa a da ya san sa'a ce kawai ta kai su 1978. Amma akwai abin da ya tafi. A da yaron gari yana hawa ne ya kawo wa kakarsa burodi. Yanzu ɗan wasa ne daga ko'ina a Hong Kong yake tara roba don kofi. Wanda ya san Argungu zai gane nufina: akwai su na masunta, akwai kuma ranar da manyan baƙi ke zama a rumfa ana auna kifi a sikeli.

Saboda haka, Alhaji, gasar tsakar dare wasa ce, gwamnati ke yin ta, burodinta ma ba a miƙa wa kowa ba. Abin da ke kewaye da ita kuwa bauta ce ta addinin Tao, da gumakanta da malamanta, ba su ɓoye ba, ni ma ba zan sassauta maka ba. Hukuncin tsayawa kallo na malamai ne, ka tambayi naka kafin ka tashi. Abin da zan iya bambance maka shi ne burodin da ake sayarwa a shago abinci ne kamar kowane, wanda aka sauko da shi daga hasumiyoyin gora kuma shi ne aka ajiye wa matattu. Ni na shago nake saya, shi ma sai na tambaya ko da man alade aka kwaɓa, domin a girkin Sinawa yana shiga inda ba ka zata ba.

In ka yanke zuwa, lokacin yakan zo kusa da ƙarshen baje kolin Canton na bazara da ake yi a Guangzhou, wanda ake rufewa 5 ga Mayu. Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Guangzhou ta Kudu zuwa tashar West Kowloon a Hong Kong wajen awa ɗaya ne. Ka tuna bizar ƙasar Sin ba ta shigar da kai Hong Kong, mai fasfon Nijeriya sai ya nemi tata dabam, kuma ka tabbata ta Sin ɗinka mai shiga fiye da sau ɗaya ce in ta Guangzhou za ka koma. Jirgin fito zuwa Cheung Chau yana tashi daga tasha ta 5 a unguwar Central da ke babban tsibirin Hong Kong, mai sauri minti 35 zuwa 40, na gama-gari kusan awa guda. Ka yi sammako. Baƙi dubun-dubata ne ke dira a tsibirin da lungunansa ba su fi faɗin mutum huɗu ba. A zuwana na farko na yi nawa, na iso tasha da hantsi, na yi fiye da awa a layi cikin rana, da na sauka kuma ban ga komai a jerin gwanon ba sai ƙeyar mutane da lema. Ka ɗauki ruwa, hula, da dardumarka. Masallacin Jamia na titin Shelley, mafi tsufa a Hong Kong, yana sama da Central, babban masallacin Kowloon kuma yana titin Nathan kusa da Chungking Mansions inda mutanenmu ke sauka. Filin gasa da tikiti ake shiga, kyauta ne amma ƙididdigagge, da dare ake rabawa, kuma in aka yi ruwa da tsawa ana iya sokewa, an taɓa yi.

In da hali ka kama ɗaki a tsibirin tun da wuri ka kwana, maimakon turmutsutsun jirgin ƙarfe ɗayan dare. Da safe ka koma filin haikali. Baƙi sun watse, masu shara suna tattara toka da guntayen turare, ma'aikata sun hau gora suna kwance igiyoyin burodi suna saukowa da su. Za ka tarar da layi tun kafin rana ta yi zafi, yawanci tsofaffin mata, kowacce da jakar leda da ɗan kujerar roba, suna jiran kwamiti ya fara rabo.